Jirgin Fasinja Daga Kaduna Zuwa Maraɗi: Zai Yiwu, Amma Da Sauran Rina A Kaba

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kaduna, mahaifiyata 'yar Maraɗi ce, don haka hanyar ba ta rabuwa da ni. Dattawa suna ba mu labarin lokacin da ake shiga jirgin ƙasa a tafi har Nijar. Tunda ga shi ana shimfiɗa sabon layin dogo, za a iya dawo da wannan jirgin? In ya dawo, zai rage mana wahalar abin hawa a cikin gari? Ina ma tunanin sayen fili kusa da tashar Rigasa in gina sito.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Jirgin zai yiwu. Sai dai mu da muka ci abinci a harkar reluwe mun san shimfiɗa dogo shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, ko da yake shi ya fi cin kuɗi kuma shi ake ɗauka a hoto. Riƙe jirgin ya riƙa tashi kullum a kan lokaci, shekara da shekaru, a nan gizo yake saƙar.

Dattawan ba ƙarya suka yi ba, labarin ne ya haɗe musu. Jirgin fasinja bai taɓa tsallaka iyakar Najeriya da Nijar ba. Dogo ya iso Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, na Kano kuma ya tsaya a Nguru a 1930. Wanda zai je Maraɗi ko Damagaram a jirgi yake yin yawancin tafiyar, sannan ya sauka ya ƙarasa a mota, a can baya ma a kan raƙumi ko jaki. Gyaɗar ƙasar Nijar ma haka take bi, a kawo ta Kano a loda a tarago zuwa Legas. Turawan Ingila ba su da dalilin kai dogonsu cikin ƙasar Faransa, su kuma Faransawa sun fi son kayan Nijar su fita ta Kwatano, shi ya sa a shekarun 1950 suka yi ta ƙoƙarin karkatar da gyaɗar zuwa can. Nasu layin na Kwatano, mai tsawon kilomita 438, a Paraku ya tsaya, bai taɓa shiga Nijar ba. Saboda haka abin da ake shirin yi yanzu sabon abu ne fil, ba a gaji wata yarjejeniya ko wani tsari da za a kakkaɓe wa ƙura a ci gaba da shi ba.

Tsohon layi ƙarami ne, faɗinsa milimita 1,067. Sabon, irin na Abuja zuwa Rigasa da aka buɗe a watan Yulin 2016, faɗinsa milimita 1,435. Taragon wannan ba ya hawa kan wancan. Kafin ka zauna a kujera a Rigasa ka sauka a Maraɗi sai ayyuka biyu sun kammala. Akwai Kaduna zuwa Kano ta Zariya, kimanin kilomita 203, wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin yake yi, an ƙaddamar da shi a Yulin 2021. Akwai kuma Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, a hannun kamfanin Mota-Engil na Fotugal, wanda Shugaba Buhari ya aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kwangilar ta kusan dala biliyan biyu. Zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Ka ga kenan jirgin ba zai bi hanyar da ka saba ba ta Funtuwa da Malumfashi, sai ya zaga ta Kano da Daura. In ka haɗa, tafiyar ta doshi kilomita 490. A ce jirgin yana cin kilomita 80 a awa har da tsaye-tsayen tashoshi, awa shida kenan, ban da abin da za a ɓata a kan iyaka.

To, wa zai biya kuɗin tafiyar da shi? Wannan ita ce tambayar da ba a cika yi ba. Layin dogo yana cin kuɗi ko jirgi ya bi ko bai bi ba. Sai an biya masu duba layi da ke takawa a ƙafa suna ƙwanƙwasa ƙusoshi, sai an ƙara tsakuwa, sai an share magudanan ruwa kafin damina, ga albashin ma'aikatan tashoshi da na sigina, ga jami'an tsaro, ga gas ɗin kan jirgi, ga kayan gyara da sai da dala ake sayo su. Tikitin fasinja kuwa ba ya iya wuce wani mizani, domin tashar Kawo da ta Mando suna nan, kuma mai Sharon ko Golf zai tashi da zarar ya cika, ba ya jiran ƙarfe kaza. In tikiti ya fi kuɗin mota da yawa talaka ya koma tasha, in aka sauke shi ƙasa kuma kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. A yawancin ƙasashen duniya jirgin fasinja mai dogon zango ko gwamnati ce ke cike masa giɓi, ko kuma jirgin kaya ne ke ɗauke da nauyin layin shi yana raɓe.

A nan layin Maraɗi yake da abin dogaro, a nan kuma yake da rauni. Nijar ba ta da teku. Kayanta sun saba shigowa ta Kwatano da Lome, a kan tirela, tafiyar kwanaki. Siminti da taki da man fetur da kwantenoni za su iya hawa arewa, dabbobi da wake da albasa su gangaro kudu, kuma jirgin kaya guda yana kwashe lodin tireloli masu yawa. Amma kafin ɗan kasuwar Maraɗi ya bar Kwatano ya koma tashar ruwan Apapa ta Legas, sai kwantenarsa ta hau tarago a bakin ruwa ta sauka a Maraɗi ba tare da an yi ta juye ta ba. Sabon layi daga Legas ya tsaya a Ibadan tun 2021, na arewa kuma ya fara daga Abuja. Tsakanin Ibadan da Abuja babu shi. Muddin wannan giɓi yana nan, sai dai kaya su biyo tsohon ƙaramin layi ta Jebba da Minna zuwa Kaduna ko Kano, sannan a sauke a sake lodawa a kan babba. Kowane juyi kuɗi ne, kwana ne, kuma ƙofa ce ta ɓacewar kaya. Ko a nan gida, tashar kwantena ta kan tudu da aka buɗe a Kakuri a Janairun 2018 tana kan tsohon layi ne, Rigasa kuwa tana wani gefen gari daban. A ganina haɗa waɗannan biyun ya fi wasu manyan ayyukan da ake ta shela amfani ga Kaduna, amma ba aiki ba ne mai jan taron 'yan jarida.

Wani abin kuma, Maraɗi ƙarshen layi za ta zama. Dogon da Nijar take da shi shi ne wanda kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, aka yi bikinsa a 2016, kuma bai zama layin da jama'a ke hawa ba. Faɗinsa ma mita ɗaya ne, bai dace da namu tsoho ko sabo ba. Mai zuwa Yamai ko Damagaram zai sauka a Maraɗi ya nemi bas. Don haka yawancin waɗanda za su cika taragon mutanen gida ne, 'yan Kaduna zuwa Zariya da Kano, 'yan Kano zuwa Daura da Katsina. Tsallakawa Maraɗi ƙari ne a kan jirgin Katsina. Wannan ma alheri ne, domin ba sai an nemi cikar jirgi guda na masu tsallaka iyaka ba. Jirgi ɗaya a rana ya wadatar a farko, ko ma a daidaita shi da ranakun kasuwa.

Yanzu ka kawo kanka Jibiya a cikin wannan jirgin. A ce mutum 500 ne a ciki. Kowa da jakar Ghana-must-go, wannan da turamen atamfa, waccan da kwalayen taliya da sabulu za ta kai wa dangi, ga mai buhun masara biyu ya tura ƙarƙashin kujera. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Jami'an shige da fice huɗu ne a kan tebur, kowane fasinja minti ɗaya kacal, ka ga an haura awa biyu kafin kwastan su fara kwance ƙullin kaya. Sai a koma jirgi, a ɗan gusa, a sake tsayawa wajen 'yan sanda da duwan, wato kwastan na Nijar, a maimaita. Wanda ya shiga Golf daga Katsina ya riga ya isa, ya yi wanka, ya ci tuwo. Jirgin da aka yi wa haka wata uku ya ishe shi ya rasa fasinja.

Maganin sananne ne. Ko dai ƙasashen biyu su zauna a zaure ɗaya a tasha ɗaya, a duba mutum sau ɗaya, ko kuma jami'ai su hau jirgin tun daga Katsina suna bin tarago-tarago yana tafiya. Manyan kaya kuma a karɓe su tun a tashar farko, a auna, a rubuta, a rufe a taragon kaya, kada su shiga wajen zama. Duk wannan sai da yarjejeniya a rubuce, wadda za ta fayyace direban wace ƙasa zai ja jirgin bayan iyaka, ɗan sandan wa ke da ikon kama mutum a cikin tarago, da naira za a yanki tikiti ko da sefa, a kan wane canji, wa zai biya diyya in an yi haɗari. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne harshe. A takarda ɗaya na Turanci ɗaya na Faransanci, amma mai ba da hannu a Jibiya da na Maraɗi da Hausa za su yi magana, balle ma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025.

Akwai kuma abin da kai ka fi ni sani. Da yawan masu tsallaka wannan iyaka ba su da fasfo, wasu ko katin ɗan ƙasa babu. Zumunci ne ke kai su, biki ko ta'aziyya ko cin kasuwa, domin masarautar Maraɗi kanta sarakunan Katsina ne da suka ƙaura bayan jihadi suka kafa ta. A mota ana sanin juna, a gaisa, a wuce. Jirgi ba ya aiki da sanayya, sai suna a kan tikiti da takarda a hannu. In aka ce lallai sai fasfo, rabin jama'ar za su koma bin acaba ta hanyoyin daji. Ya kamata a amince da katin shaida na kowace ƙasa, in ba haka ba taragon zai tsallaka da kujeru fanko.

Siyasa ma ba ta bar mu mun huta ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa saboda takunkumin ECOWAS, sai a Maris 2024 aka buɗe. Cikin shekara biyar, kusan biyu a rufe. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar, alhali yarjejeniyarta ta 1979 ce ta bai wa ɗan yankin damar shiga wata ƙasar ya yi kwana 90 ba biza. Mai mota in an rufe boda sai ya koma ɗaukar 'yan Funtuwa. Dogo ba ya juyawa, yana nan kwance, bashin da aka gina shi da shi yana ƙirgawa. Jirgin Dakar zuwa Bamako ya fi duk wani jirgin tsallaka iyaka suna a Afirka ta Yamma, amma rashin gyara da rikicin masu tafiyar da shi suka kwantar da shi. Na Addis Ababa zuwa Jibuti da ya fara aiki a 2018 yana ɗaukar fasinja, sai dai ƙarfinsa kaya ne, domin kusan duk abin da Habasha ke shigowa da shi ta tashar ruwan Jibuti yake bi.

Batun tsaro ba sai na tsawaita wa ɗan Kaduna ba. Harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin Abuja ranar 28 ga Maris 2022 ya tsayar da shi har 5 ga Disamba, kuma yankin Jibiya ya sha fama da 'yan bindiga. Jirgin rana za a fara da shi, da rakiya, kuma a ɗauki mutanen ƙauyukan da layin ya ratsa aikin gadinsa, don su ne ke fara ganin baƙuwar fuska.

Sai tambayarka ta biyu. A'a, jirgin Maraɗi ba zai rage wahalar abin hawa a cikin Kaduna ba, sai ma ya ƙara wa hanyar Rigasa nauyi. Matsalar cikin gari daban take. Kaduna doguwa ce, ta miƙe daga Rigachikun da Kawo har Sabon Tasha, kogi ya raba ta biyu, gadoji kuma ƙalilan ne. Da safe kowa ya nufi tsakiya, da yamma kowa ya watse, a kan tituna biyu ko uku. Ɗauki mazaunin Sabo, wato Sabon Tasha, mai shirin kama jirgin safe a Rigasa. Ya fito da asuba da jaka biyu, ya tari Keke zuwa bakin titi. Ya shiga bas, yaron mota na rataye a ƙofa yana kiran Kasuwa, ana tsayawa duk inda aka ɗaga hannu. A Kasuwa ya sauka ya ja kayansa ya nemi na Rigasa, ya zauna jiran a cika. In an yi rashin sa'a hanya ta cushe a Bakin Ruwa, yana isowa ya tarar an rufe ƙofa. In kuma jirgin dare ya sauke shi, sai shata, kuma mai mota ya san ba shi da zaɓi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan ɗan guntun zango ya zama abin da mutum ke lissafawa kafin ya yanke shawarar jirgi ko mota. Mun yi ta ganin fasinjan da jirgi ya rasa ba don tsadar tikiti ba, sai don wahalar isa tasha.

Gyaran wannan bai kai kuɗin kilomita kaɗan na dogo ba. Manyan bas ne masu tashi a kan lokaci daga Kawo da Kasuwa da Sabo, an ɗaure lokacinsu da na jirgi, suna jira a ƙofar tasha in ya iso ko da ya makara. Gwamnatin Uba Sani ta fito da bas masu amfani da iskar gas a 2025, kuma sun taimaka wa ma'aikata da ɗalibai. Abin da nake jiye musu shi ne abin da ya ci na gabansu a jihohi da dama, wato a sayi mota a manta da kuɗin taya da birki da makaniki, bayan shekara uku a same su jere a gareji. Kuma duk tsarin da aka yi ba da 'yan ƙungiyar direbobi da masu Keke ba, da wuya ya kai labari. Keke aikinsa ya kwaso mutane daga lungu ya kawo bakin babban titi, bas ya ɗauki dogon zango. In aka bar su suna kokawa a kan fasinja ɗaya a titi ɗaya, cunkoson ne zai ƙaru.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tsohon layin. Ya ratsa garin ta inda jama'a suke, daga Rigachikun ya gangaro ta Kawo, ya wuce kusa da babbar kasuwa, ya haye kogi da gadarsa, ya isa mahaɗar Kakuri, inda reshe ɗaya ya nufi Minna, ɗaya ya bi ta Sabon Tasha zuwa Kafanchan. Birane da yawa biliyoyi suke kashewa wajen biyan diyya don samun irin wannan fili, mu kuwa mun gaje shi. A zamanin Gwamna Namadi Sambo an gwada jirgin cikin gari a kansa, jama'a sun hau, amma bai ɗore ba. Irin wannan jirgi ba ya rayuwa da tashi biyu a rana. Ma'aikaci yana so ya san in ya rasa na yanzu wani na tafe ba da jimawa ba, in ba haka ba ya tari bas. Layin kuma guda ne, don haka sai an ƙara wuraren da jirgi zai raɓe ɗan'uwansa ya wuce, a sa shinge da mai gadi a duk inda dogo ya gitta titi, a kuma samar wa masu shimfiɗa tumatir da gwanjo a kan layin wani wurin kafin a ce su tashi. Da can jiha ba ta da hurumi sai abin da hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ta yarda. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya bai wa jihohi ikon yin nasu layin dogo. In ana son jirgin da zai taɓa rayuwar mai zuwa aiki kullum, ga inda yake.

Maganar filinka. Kada ka saye shi don Maraɗi. Darajar fili a Rigasa jirgin Abuja ne ke riƙe da ita yanzu, na Kano kuma zai ƙara mata in ya fara, kuma shi ne zai riga na Maraɗi amfanar Kaduna. Sito na kaya ba lallai ya dace da bakin tashar fasinja ba, domin inda za a sauke kaya daban ake ware shi, kuma tirela na son fili da hanyar juyawa. Ka jira ka ga inda aka ajiye wannan kafin ka zuba bulo. Kafin ka biya ko sisi, ka kai takardun filin wurin KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, a duba maka su, sannan ka nemi ma'aikatan reluwe su nuna maka inda iyakar filinsu ta tsaya. Filin da ke gefen dogo yakan yi arha saboda dalili, kuma ranar da aka zo faɗaɗa tasha, wanda ya yi gini a cikin hurumin reluwe ba shi da bakin neman diyya.